Kumburi mai ruwa a gaɓar kare da kyanwa: ku duba kafin ku tsaga

Yawancin hirarmu kan shanu, tumaki, awaki da raƙuma take. Yau zan taɓo ma'aikata biyu da ba a lissafa su cikin dukiya, alhali su ne ke tsare dukiyar. Kare shi ke kwana ido biyu a bakin garke saboda dila da ɓarawo. Kyanwa, wadda wasunmu ke kira mussa ko mage, ita ke hana ɓera ya gama da hatsin rumbu, ko dusa da anguryar da ƙungiya ta ajiye a sito don rani. Ranar da ɗayansu ya gurgunce, ranar ake sanin aikin da yake yi.

A yawon rigakafi da nake yi ruga-ruga, ana yawan nuna mani kare ko kyanwa mai wani kumburi mai laushi kusa da gaɓa, a ce in tsaga a huta. Sau da yawa nakan ƙi, kuma ina son in bayyana dalili. Wani irin kumburin ruwan gaɓa ne da kansa ya taru cikin ƴar jaka, kuma jakar tana da hanya zuwa cikin gaɓar. Wanda ya huda ta da aska ko ƙarfe ya buɗe wa ƙazanta ƙofar shiga gaɓa.

Yadda gaɓa take daga ciki

Duk wanda ya taɓa fiɗa ya ga wannan. Idan aka raba gwiwar akuya, kan ƙasusuwan biyu a lulluɓe yake da guringuntsi fari mai santsi, kuma wani ruwa kaɗan mai yauƙi yakan ziraro, kamar farin ƙwai ko miyar kuɓewa. Shi ne ruwan gaɓa. Wata fata mai ƙarfi ta kewaye gaɓar duka kamar salka, shimfiɗar cikinta kuma ita ke samar da ruwan. Aikinsa biyu: yana sa ƙashi ya zame kan ƙashi ba gurzawa, kuma shi ke ciyar da guringuntsi, domin guringuntsi ba shi da hanyoyin jini. Ku riƙe wannan batu na ƙarshe, za mu komo kansa. Irin wannan ruwan yana kuma cikin kuben da wasu jijiyoyi ke zamewa a ciki, wajen ƙafa.

A gaɓa mai lafiya ruwan ɗan kaɗan ne. A gwiwar kare bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba.

Yadda jakar ke fitowa

Idan gaɓa ta tsufa, ko ta taɓa samun targaɗe ko karaya, guringuntsi yakan fara cinyewa. Shimfiɗar ciki sai ta harzuƙa ta riƙa zubo ruwa fiye da kima. Ruwa ya yi yawa, salka ta cika, sai wurin da ya fi rauni a fatar gaɓar ya bulluƙo waje. Masu babur sun san irin wannan: idan taya ta tsage a gefe, robar ciki takan leƙo ta yi ƙulu. Ƙulun nan shi ne abin da nake kira jakar ruwan gaɓa. A bakin likitocin da suka yi karatu da Faransanci za ku ji sun ce "kis sinobiyal".

Sau da yawa ƴar hanyar da ke tsakanin gaɓa da jaka takan yi aiki kamar bakin da ake ba taya iska: duk lokacin da dabba ta taka, ruwa yana shiga jaka, amma komawa na yi masa wuya. Shi ya sa jakar ke girma sannu a hankali cikin watanni, kuma shi ya sa ko an zuƙe ruwan take sake cika.

Abu biyu masu kwantar da hankali: jakar ba ciwon daji ba ce, kuma ba ta yaɗuwa daga dabba zuwa dabba ko zuwa mutum. Alama ce kawai ta cewa gaɓar da ke ƙarƙashinta ta gaji.

Wa take kamawa, kuma a ina

A wajen kyanwa, an fi ganinta ga tsofaffi, waɗanda suka haura shekara 10, kuma kusan kullum a gwiwar sama ta ƙafar gaba, wato gaɓar da ke dab da ƙirji, wadda ta yi daidai da gwiwar hannun mutum. Takan fara kamar ƙwallon dabino, ta iya kai girman ƙwan zabo ko fiye, tana gangarowa kan damtse. Ciwon gaɓa na tsufa ya yi yawa ga kyanwoyi fiye da yadda ake zato. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, an duba hoton ƙashin kyanwoyi 100 da suka wuce shekara 12, aka tarar 90 suna da alamun lalacewar gaɓa. Sai dai kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce. Ba lallai ta yi ɗingishi ba. Abin da za ku lura shi ne ta daina tsalle kan katanga ko rumbu, ta rage lasar jikinta har gashin ya cukurkuɗe, ta yawaita kwanciya, ɓeraye kuma su fara walwala.

A wajen kare, takan fito a wuyan ƙafar gaba, a gaɓar dunduniya ta ƙafar baya, ko a gwiwa. Akwai kuma wadda ba a gani da ido: tana fitowa a ƙananan gaɓoɓin ƙashin baya ko na wuya, ta danne laka. An fi samun wannan ga manyan karnukan Turai masu nauyi, irin waɗanda ake ajiyewa gadi a gidajen Yamai da Maraɗi. Karen yakan riƙa tangaɗi, yana jan ƙafafun baya, kuma sai da babbar na'urar hoto ake tabbatar da ita. Amma a karkararmu, karen da ya fara tangaɗi ko ƙafafunsa suka mutu cikin ƴan kwanaki, abin da za ku fara tsoro shi ne ciwon hauka, domin akwai nau'insa da ba ya sa cizo, sai shanyewar jiki da dalalar miyau. Kada kowa ya sa masa hannu a baki. A tsare shi wuri guda nesa da yara, a kira ma'aikacin kiwo.

Kama da wane ba wane ba ne

Kumburi kusa da gaɓa iri-iri ne, maganinsu kuma ya sha bamban. Ga waɗanda na fi gamuwa da su.

Jakar ruwan gaɓa. Mai laushi ce, tana lotsawa kamar leda mai ruwa. Ba zafi idan an taɓa, dabba ba ta cika kuka ba idan an danna, fatar sama lafiya lau. Ta daɗe tana girma. Dabbar na cin abincinta.

Ƙurji. Yakan taso cikin kwana 2 zuwa 5, galibi bayan faɗa. Haƙoran kyanwa siriri ne kamar allura, ramin cizon yakan rufe da wuri ya bar ƙazanta a ciki. Wurin yana da zafi, dabba tana ƙin a taɓa, tana ƙin abinci, jikinta da masassara. Zafin jikin kare da kyanwa masu lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39; idan ya wuce 39 da rabi akwai masassara. Ƙurji shi ne ake buɗewa a wanke, amma idan yana kan gaɓa, ma'aikaci ya kamata ya yi.

Kumburin kwanciya. Wannan na kare ne. Yana fitowa daidai kan tsinin gwiwar sama, wurin da ke dukan ƙasa idan ya kwanta kan siminti, dutse ko tsandauri. Jiki ne ke yi wa ƙashi matashin ruwa. Ba shi da hanya zuwa cikin gaɓa. Dogayen karnuka masu gajeren gashi da ƙarancin kitse, irin na Azawak a arewacin Tawa, ba su da abin da zai tare ƙashin, don haka a kula da inda suke kwana. Idan an gano shi da wuri, shimfiɗa mai laushi kaɗai takan sa ya sace cikin ƴan makonni.

Tarin jini. Yana biyo bayan harbin saniya, jifa ko bugun babur, ya taso rana ɗaya. Yawanci jiki na shanye shi da kansa.

Tsiro mai tauri. Idan kumburin yana da ƙarfi kamar ɗanyen goro, ya manne ba ya motsi, yana girma da sauri, kuma ɗingishi na ƙaruwa, ana jin tsoron ciwon daji na gaɓa ko na ƙashi. Wannan ba abin jira ba ne.

Gaɓar da ta ruɓe. Gaɓar duka ce ke kumbura ta kowane gefe, da zafi, dabba ba ta aje ƙafar ƙasa ko kaɗan. Wannan na gaggawa ne, kwana ɗaya ma yana da muhimmanci.

Yadda za ku duba a gida

Ku fara da kare kanku. Ko karen da ya fi kowa biyayya yana cizo idan aka taɓa inda ke masa ciwo. A ɗaure masa baki da tsumma mai faɗi, a zagayo a ƙulle bayan kunnuwa, mai shi ya riƙe kansa. Kyanwa kuma a naɗe ta cikin zane ko buhu a bar ƙafar da za a duba a waje. Wanda ba ya son taɓa kare da hannu ya sa leda.

Sannan ku amsa tambayoyi biyar. Yaushe ya fara? Da zafi idan an kwatanta da ɗaya ƙafar? Mai laushi ne ko mai tauri? Dabbar na taka ƙafar? Tana ci tana sha?

Idan mai laushi ne, ba zafi, ya daɗe, dabba na takawa tana ci, ba gaggawa. Ku ɗauki zare ku zagaye ƙafar ta kan kumburin, ku ƙulla alama inda ya haɗu. Duk ranar kasuwa ku sake gwadawa da zaren nan. Mai waya ya ɗauki hoto. Wannan zaren ya fi mani amfani fiye da "kamar dai ya ƙaru", domin ido na mantuwa. Ku nuna wa mataimakin likitan bisashe na yankinku idan ya zo zagaye.

Ku nemi ma'aikaci ba tare da jinkiri ba idan kumburin ya yi zafi ko tauri, ya fashe, ya ninka cikin mako 2, ko dabbar ta ɗage ƙafa ko ta bar cin abinci.

Dalilin da ya sa ba a tsagawa, ba a sakiya

Na san sakiya da lalas gadonmu ne, kuma mutane sun ga ƙurji ya warke bayan an huda shi. Matsalar ita ce ƙurji ɗaki ne rufaffe mai mugunya, ita kuwa jakar ruwan gaɓa zaure ce mai ƙofa zuwa cikin gida. Cikin gaɓa wuri ne mai tsabta ƙwarai, ruwanta kuma abinci ne mai kyau ga ƙwayoyin cuta. Da zarar sun shiga, suna fara cin guringuntsi cikin ƴan kwanaki. Tun da guringuntsi ba shi da jini, abin da ya cinye ba ya tsirowa kamar yadda fata ke yi.

An taɓa kawo mani wani kare daga wata ruga a kan amalanke. Watanni yana da ƙulu mai laushi a wuyan ƙafa, yana bin shanu lafiya. Wani maƙwabci mai kyakkyawar niyya ya yi masa sakiya, ruwa mai yauƙi ya fito, kowa ya ce an gama. Kwana 4 bayan haka ƙafar ta zama kamar taɓarya, mugunya na zuba. An ceci ransa da wankin gaɓa da allurai, amma ƙafar ta sandare, bai sake bin garke zuwa mashaya ba. Garin neman gira aka rasa ido. Maganin gaɓar da ta ruɓe yakan ɗauki mako 4 zuwa 6, kuɗinsa kuma ya ninka na duba lafiyayyen kumburi sau da yawa.

Haka nan kada a tsira wa kumburin allurar shanu, irin mai ruwan zuma da ake sayarwa a kasuwa. Tana ƙona nama, kuma babu ƙwayar cutar da za ta kashe a cikin jaka mai tsabta. Baƙin mai, ruwan batir, kanwa da toka duk fata suke ci, su buɗe hanyar da muke gudu.

Abin da ma'aikaci zai yi

Idan ana shakka, nakan aske wurin, in wanke da sabulu da maganin kashe ƙwayoyi, in sa sabuwar allura in zuƙo ɗan ruwa. Ruwan gaɓa garai yake ko ruwan ɗorawa-ɗorawa, kuma idan aka ɗiga shi tsakanin yatsu biyu cikin safar hannu yakan ja zare kafin ya tsinke. Mugunya tana da duhu da wari, jini kuma an san shi. A manyan garuruwa, likita na iya ƙarawa da hoton ƙashi don ganin yadda gaɓar ta lalace, ko na'urar da ake duba cikin mata masu juna biyu don ganin jakar.

Idan ta tabbata jakar ruwan gaɓa ce, hanyoyi uku ne, kuma gara ku san gaskiyar kowace.

Ta farko, a bar ta. Idan ba ta hana tafiya, wannan ce ta fi dacewa ga yawancin dabbobi, musamman tsohuwar kyanwa.

Ta biyu, a zuƙe ruwan idan jakar ta yi girman da ke hana lanƙwasa ƙafa. Sauƙi ne na ɗan lokaci, takan sake cika cikin kwanaki ko makonni. Kowace huda kuma tana da nata haɗarin, don haka ba a mai da shi al'ada.

Ta uku, aiki da wuƙa a cire jakar. Sai likita mai kayan sa barci, kuma ko an yi da kyau tana yawan dawowa, tun da gaɓar da ke zubo ruwan tana nan yadda take. Kada wanda ya yi maku alkawarin warkewa har abada ya sa ku sayar da akuya.

Kulawar da ta fi amfani

Tun da tushen matsalar gajiyar gaɓa ce, ita za a lallaɓa. A yi wa dabba shimfiɗa: tsohon buhu da aka cusa wa tsummoki ko ƙaiƙayi, ko rairayi mai laushi a inuwa. Lokacin hunturu a kare ta daga iska, domin sanyi na tsananta ciwon gaɓa. Tsohon kare a rage masa doguwar tafiya. Ya tsare gida da ƴan maruƙa, ƙaramin ya bi garke. Tafiya kaɗan kullum ta fi kwanciya mako guda sannan gudu rana ɗaya. Kyanwa a sauko mata da ruwa da abinci ƙasa, a jingina mata itace ko bulo ta riƙa hawa rumbu ba tsalle. Karnukan gadi na birni kuma a rage masu ƙiba, kowane kilo na banza gaɓa ke ɗaukarsa.

Sai babban gargaɗi kan magungunan mutane. Kada a ba kyanwa farasitamol ko kaɗan. Hantarta ba ta iya narkar da shi kamar tamu. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe ta. Alamarsa dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, numfashi ya yi wuya. Ibuforofen da dikolofenak, waɗanda masu tallar magani ke bayarwa don ciwon jiki, suna huda tumbin kare su lalata ƙodarsa, kyanwa kuma abin ya fi muni. Akwai maganin ciwon gaɓa da aka yi don kare da kyanwa, kamar melokisikam, amma ma'aikaci ne zai auna shi bisa nauyin dabba. Ba a ba dabbar da ke zawo, amai ko ƙishirwa, abin da ya kamata a tuna a watannin zafi na Afrilu da Mayu.

Kada a haɗa shi da bakkale

Dole in faɗi wannan, domin hannun da ke tsaga kumburin kare shi ne ke tsaga na saniya. Kumburi mai ruwa a gwiwar saniya, wanda makiyaya ke kira bakkale, a ido ya yi kama da abin da muka tattauna, amma sau da yawa alama ce ta cutar burusela, mai sa shanu ɓari a watannin ƙarshe na ciki da maƙalewar mahaifa. Ruwan da ke cikin wannan kumburin yana iya ɗaukar ƙwayar cutar, kuma tana kama mutum ta ƴar tsaga a hannu, ta ido, ko ta ɗanyar madara. Ga mutum takan zo da masassara mai tafiya tana dawowa, zufar dare da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta shan maganin masassarar sauro ba sauƙi.

Don haka saniya mai bakkale ba a tsaga ta. A sanar da ma'aikatar kiwo ko likitan bisashe mai zaman kansa na yankin, su ɗauki jini ko ruwan a aika awo. Aikin ɗakin binciken LABOCEL ne da ke Yamai. A tafasa madara kafin a sha. Ɗan da aka yi ɓarinsa da mahaifar a binne su da zurfi, kada a jefa wa kare, domin yana iya kamuwa, kuma yana jan su ko'ina cikin ruga.

A taron ƙungiya na gaba, ina roƙon shugabanni su ware minti goma su karanta wa waɗanda ba su samu gani ba, musamman matasa masu bin garke da matan da ke kula da rumbu, tun da su ne ke fara ganin kumburin. Idan ana shirin zagayen rigakafi, ku kawo karnukan a yi masu allurar ciwon hauka, mu duba gaɓoɓinsu a lokaci guda. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara wa garke lafiya.